Motata Tana Hannun Wani, Kotu Kuma Tana Neman Lamuni

Wani ɗan'uwa da ke zaune a unguwar Buronks ta birnin Niyok ya rubuto mana cewa ya sayi motar ɗaukar kaya a kan dala 18,000, ya ba wani ɗan garinsu domin ya riƙa aiki da ita yana kawo masa balas duk mako. Da ya tafi gida jinyar mahaifinsa sai balas ya tsaya, da ya dawo kuma mutumin ya ƙi mayar da mota, yana cewa kuɗin gyaran da ya kashe sun ci rabin darajarta. 'Yan sanda sun ce masa wannan magana ta kotu ce. Lauya kuma ya ce ana iya karɓo motar kafin a gama shari'a, amma sai an kawo takardar lamuni ta dala 36,000. Tambayarsa ita ce: ina zai samo kuɗin da suka ninka na motar, kuma me zai hana ya bi shawarar abokai ya ɗauke ta da dare, tunda makulli na biyu yana hannunsa?

Ɗan'uwa, Allah ya ba mahaifinka lafiya. Abu na farko da nake so ka kwantar da hankalinka a kansa shi ne, ba a ce ka zuba dala 36,000 a hannun kowa ba. Ƙarar da lauyanka yake nufi ita ce wadda ake kira rifilebin a yawancin jihohin Amurka, wato neman a mayar wa mutum ainihin kayansa, ba kuɗinsu ba. Shari'a tana iya ɗaukar watanni ko fiye da shekara, mota kuwa kullum ƙara tsufa take yi, shi ya sa doka ta yarda alƙali ya ba da umarnin a karɓo kayan tun ana tsakiyar shari'a. To amma a wannan lokaci alƙali bai gama tantance mai gaskiya ba. Idan aka raba mutum da mota yau, gobe kuma ta bayyana cewa yana da haƙƙin riƙe ta, wa zai biya shi asarar da ya yi? Lamunin shi ne amsar wannan tambaya. Dokar jihar Niyok ta ce kada ya gaza ninki biyu na darajar kayan, kuma wasu jihohi irin su Kalifoniya da Fulorida su ma suna aiki da ninki biyu, kowace da irin nata lissafin.

Mutum uku ne a cikin takardar: kai mai ƙara, da wanda kake ƙara, wanda domin kare shi aka yi ta, da kamfanin inshora da zai tsaya maka. Kamfanin yana shaida wa kotu cewa idan ka faɗi a shari'a zai biya abin da aka yanke a kanka, har iyakar adadin da aka rubuta. Abin da zai fita daga aljihunka tun farko kaso ne kaɗan na wancan adadi, ladan kamfanin, wanda ba a mayarwa ko da kai ka yi nasara, kuma sau da yawa ana sake biyansa duk shekara muddin shari'ar ba ta ƙare ba. A nan ne mutanenmu da yawa suke ruɗewa, domin sun saba da inshorar mota inda kamfani yake ɗaukar asara. Wannan ba haka yake ba. Kafin a ba ka takardar za ka sa hannu a wata yarjejeniya cewa duk abin da kamfanin ya biya a madadinka za ka mayar masa, har da kuɗin lauyoyinsa. Saboda haka kada ka sa hannu sai lauyanka ya karanta maka ita layi bayan layi.

Wurin da ɗan ci-rani ya fi shan wahala shi ne wajen amincewar kamfanin. Suna duba tarihin biyan bashinka a Amurka da abin da ka mallaka a can, wanda kuwa bai daɗe da zuwa ba, ko wanda yake guje wa katin bashi saboda riba, sau da yawa ba shi da wannan tarihi ko da kuwa bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Irin wannan mutum ana iya neman ya ajiye jingina ta tsabar kuɗi, ko ya kawo wanda zai sa hannu tare da shi. Gida ko gonar da kake da su a ƙasarku da wuya su yi maka amfani a nan. Idan kuma wani ɗan'uwa ya yarda ya sa maka hannu, ka gaya masa gaskiya cewa bashin zai iya hawa kansa. Dokar Niyok ta yarda a ajiye tsabar kuɗin a kotu maimakon takardar kamfani, kuma wannan hanya ce da wasu suke zaɓa saboda malaman fiƙihu da dama ba su yarda da karɓar lada a kan lamuni ba. Ka tambayi malamin da ka amince da shi a kan halin da kake ciki.

Sai dai lamuni shi kaɗai ba ya fito da mota. Tun shari'ar Fuentes da Shevin ta shekarar 1972, wadda ta samo asali daga wata mata a Fulorida da aka ɗauke mata murhun gas da na'urar kiɗa ba tare da an ji ta bakinta ba, Kotun Ƙolin Amurka ta taƙaita karɓe kaya kafin a saurari mai riƙe da su. Don haka za ka rantse a rubuce cewa kai ne ka cancanci riƙe motar, ka faɗi darajarta, alƙali kuma ya gamsu cewa da alama kai ne za ka yi nasara. Tambayar da ba ka amsa a wasiƙarka ba, wadda kuma ita ce ta fi kowace nauyi, ita ce: sunan wa ke kan takardar mallakar motar? Wasu daga cikinmu sukan yi rajista da sunan wani saboda rangwamen inshora ko matsalar takardu, su ce ai amana ce. Idan sunanka ne, ƙafarka tana kan tudu. Idan nasa ne, sai ka tattara shaidar banki ta sayen motar, da saƙonnin WhatsApp inda yake ambaton balas, har da na murya, kuma kada ka goge ko ɗaya. Tun da kai ka miƙa masa makulli da hannunka, ka aika masa da wasiƙa ta hannun lauya kana neman motarka, domin ƙin mayarwa bayan an nema shi ne yake tabbatar da cewa riƙon nasa ya zama na zalunci.

Ko an ba da umarnin, ba kai za ka je ka ɗauko ba. Jami'in zartar da umarnin kotu ne zai karɓo motar, ya riƙe ta kwana 10, kuma a cikin wannan lokaci abokin shari'arka yana iya kawo nasa lamunin a mayar masa da ita har a gama shari'a. Idan tsoronka shi ne a sayar da motar ko a saka ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, ka roƙi lauyanka ya nemi umarnin hana sayarwa ko fitar da ita daga jihar tun ranar da ya shigar da ƙara. Kotun ƙananan ƙararraki ba za ta yi maka wannan aiki ba, domin a birnin Niyok iyakarta dala 10,000 ce, kuma kuɗi kawai take yankewa.

Maganar ɗaukewa da dare kuwa, ina roƙonka da ka bar ta. Ko da sunanka ne a takarda, shiga garejin da aka kulle ko ɗan kokawa a bakin titi ya isa a rubuta maka laifi, laifi kuma yana bin mutum har ranar da zai nemi girin kad, wato izinin zama na dindindin a Amurka, ko takardar zama ɗan ƙasa. Haka nan kada ka je ka ce an sace motar ba tare da shawarar lauya ba.

Ka zauna da lauyanka ku haɗa lissafi: kuɗinsa, ladan kamfani, kuɗin kotu da na ajiye mota, ku auna da abin da motar take kawowa a wata da kuma abin da mutumin zai iya tabbatarwa na gyara. Da yake iyayenku sun san juna a gida, ba laifi ba ne ka kai magana gaban limami ko shugaban al'ummarku a Buronks yayin da lauya yake shirya takardu. Idan an daidaita, a rubuta ranar da za a miƙa mota da adadin da za a cire na gyara, ku sa hannu gaban shaidu, lauya kuma ya duba. Kada zaman sulhu ya ja ka har lokaci ya ƙure, domin a Niyok wa'adin shigar da irin wannan ƙara shekara 3 ne.