Me ya sa Amurkawa ke son ƙananan bindigogi masu harsashin .22?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa masu sha'awar harbin saiti a Amurka suke tara ƙananan bindigogi masu harsashin .22, wato harsashi mai faɗin inci 0.22, suna sauya musu kaya, suna nuna wa juna hotunansu. Amsar tana cikin ƙirar harsashin kansa. Sinadarin da ke kunna albarushinsa yana cikin leɓen gindin kwanson ne, ba a tsakiya ba, don haka dole kwanson ya zama marar kauri yadda allurar bindiga za ta iya lotsa shi. Kwanso marar kauri ba ya jure albarushi mai ƙarfi. Wannan ya sa harsashin yake da araha, ba shi da ƙara sosai, kuma bindigar ba ta dukan kafaɗa, shi ya sa da ita ake koya wa sabon shiga. Nau'in da ake kira .22 Long Rifle ya fito tun 1887, kuma har yau da shi ake harbin mita 50 a gasar Olympics.

Game da sauye-sauye kuwa, bindigar Ruger 10/22, wadda ta shigo kasuwa a 1964 da gidan harsashi mai cin guda 10, ita ce aka fi yi wa hidima, domin noti biyu kacal ke riƙe da bututunta. Mai ita yakan canja bututun, da kunama, da katakon gindi, ya ɗora madubin hangen nesa, har ta koma wata bindiga dabam. A ganina gyaran kunama ya fi kwalliya amfani. Idan a Najeriya kake, dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba.