Littafin da za ka riƙe kafin ka zauna jarrabawar CCNA

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama difloma a fannin kwamfuta, ina so in zauna jarrabawar CCNA, ta ƙwarewa a haɗa netwok na kwamfuta. Wani abokina ya cika mini filashi da littattafai sun fi goma, ga bidiyoyi barkatai. Wani kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in haddace damps kawai, wato tambayoyin jarrabawar da ke yawo a hannun mutane. Kaina ya ɗaure. Da wanne zan fara? Daga Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka buɗe ko shafi ɗaya, duba lambar da ke bangon littafin. Jarrabawar da kamfanin Cisco ke yi yanzu lambarta 200-301, ita ta maye gurbin 200-125 tun watan Fabrairun 2020, aka kuma yi mata kwaskwarima a watan Agustan 2024. Duk littafin da ke filashin nan mai tsohuwar lamba, ajiye shi gefe.

Na fara da wannan ne don abin da na gani da idona. Wani yaro ya taɓa kawo mini littafinsa, fotokwafi ne da aka ɗinke masa, gefen kowane shafi ya yi baƙi da rubutun biro. Wata uku yana fama. Ina juya bangon na ga 200-125. Ya ƙarar da dare a kan darussan da aka riga aka cire, waɗanda aka ƙaro kuwa ko labarinsu bai ji ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Shiga shafin Cisco ka sauko da jerin darussan jarrabawar, kyauta ne. Kashi shida ne, mafi nauyi shi ne yadda rauta, na'urar da ke haɗa netwok da netwok, ke zaɓar hanyar da saƙo zai bi, yana ɗauke da 25 cikin 100. Buga shi a takarda ka manna a bango, da shi za ka auna kowane littafi. Sannan ka riƙe littafi ɗaya tak. Ni dai na Wendell Odom nake ba da shawara, wanda Cisco Press ta wallafa, juzu'i biyu, sabon bugu. Turancinsa na son haƙuri, amma ba ya tsallake. Idan ka fi gane bayani da kunne, haɗa da darussan Jeremy's IT Lab a YouTube. Sauke su lokacin da kake da data, ka kalla ko an ɗauke wuta.

Amma fa karatu kaɗai ba zai fisshe ka ba, sai hannu ya taɓa. Yi rajista da Cisco Networking Academy ka ɗauko manhajar Packet Tracer, wadda ake gwada haɗa netwok a cikinta, ba a biyan ko kwabo, kuma ba ta neman kwamfuta mai ƙarfi sosai. Jera rauta biyu da suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin netwok ɗaya, ka kunna OSPF, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi, ka ɓata shi da gangan, ka nemo inda ya lalace. Rarraba adireshin IP kuwa, kullum ka yi shi da biro. In na ce maka 192.168.10.70/26, ya kamata nan take ka ce gidansa ya fara daga 64, ya ƙare a 127, na'ura 62 za su zauna a ciki. Minti 120 ne jarrabawar, ba ta jiran mai ƙirga da yatsa.

Batun damps, don Allah ka rabu da shi. Tambayoyi ne da aka sato daga ɗakin jarrabawa, satar amsa ce, kuma Cisco na iya soke takardar wanda ta kama, ta hana shi sake zama. Ko ka tsallake ma, ranar da aka tsayar da kai gaban suwic a wani banki a titin Ahmadu Bello, netwok ya tsaya, ma'aikata sun zuba maka ido, hadda ba za ta tayar da shi ba.

Kuɗin zama dala 300 ne, kuma ka san yadda canji yake. Takardar shekara uku take yi kafin a sabunta ta. Kada ka biya sai ka ga kana iya haɗa abin da ke jerin nan na bango a Packet Tracer ba tare da ka leƙa littafi ba. Idan ka kai nan, sake rubuto mini mu yi maganar yin rajista ta Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar.