Tambaya da Amsa: Adana Maniyyi Kafin Fara Maganin Ciwon Daji

Tambaya: Likita, an gano maigidana yana da kansa, wato ciwon daji, an tura mu Yamai ya fara kemo, wato allurar maganin ciwon daji. Ɗanmu ɗaya. An ce ana iya daskarar da maniyyi, to da wannan ɗauke wutar ba zai lalace ba? Daga wata baiwar Allah, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ku gaya wa likitansa tun kafin allurar farko, domin kemo na kashe ƙwayoyin da ke samar da maniyyi, wani namijin ƙwayoyinsa su farfaɗo bayan shekaru, wani kuwa shi ke nan. Maniyyin da aka ɗiba bayan an fara magani ba a yarda da ingancinsa.

Za a fara auna jininsa don ƙanjamau da ciwon hanta na B da C. Ya ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 5, amma in lokaci ya ƙure, kada a jira. Ya bayar a kwalba mai tsabta, ba a kwaroron roba ba, saboda sinadarinsa na kashe ƙwayoyin. Sau biyu ko uku ya fi sau ɗaya. Sai a gauraya shi da ruwan da ke kare ƙwayoyin daga illar sanyi, a rarraba a siraran bututu, a nutsa cikin tankin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Tankin ba ruwansa da lantarki, kamar fulas yake. Haɗarin shi ne a bar naitirojin ya ƙafe, don haka ku tambayi yadda ake ƙara shi. Kusan rabin ƙwayoyin kan mutu wajen narkarwa, amma dabarar ICSI, wato cusa ƙwayar maniyyi kai tsaye cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji, ƙwaya ɗaya take buƙata ga kowane ƙwan mace.