Me ya raba kan ƙawayen Yaƙin Duniya na Biyu?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda aka yi Amurka, Birtaniya da Tarayyar Sobiyet, waɗanda suka haɗa ƙarfi suka ga bayan Hitila, suka koma zaman doya da manja tun ƙurar yaƙi ba ta lafa ba. Na daɗe ina koyar da wannan babi a sakandare, kuma amsar da ɗalibai suka fi kawowa ita ce saɓanin gurguzu da jari-hujja. Ni dai ba ta taɓa gamsar da ni ba, domin saɓanin yana nan a 1941, bai kuwa hana su ƙulla ƙawance ba.

A ganina, makomar Folan da ta Jamus ce ta raba su. A taron Yalta na Fabrairun 1945, inda shugabannin ƙasashen uku suka haɗu, shugaban Sobiyet Stalin ya amince a yi zaɓe na gaskiya a Folan, amma sojojinsa ne ke riƙe da ita, kuma Sobiyet, da ta rasa mutum kimanin miliyan 27 a yaƙin, ba za ta lamunci gwamnatin da ba ta aminta da ita ba a kan hanyar da Jamusawa suka biyo suka afka mata. Shugaban Amurka Roosevelt ya rasu a Afrilu, Truman da ya gaje shi kuwa ba shi da haƙurin lallashi irin nasa. Ana tsakiyar taron Potsdam a Yuli firaministan Birtaniya Churchill ya faɗi zaɓe, Attlee ya karɓi kujerarsa.

Batun diyya ya fi zafi. Stalin ya nemi dala biliyan 10 daga Jamus, aka ƙare da cewa kowa ya ɗebi mafi yawan rabonsa daga yankin Jamus da sojojinsa ke riƙe da shi, wanda a aikace tsaga ƙasar ke nan. Da ƙasashen Yamma suka fito da sabon kuɗi a yankunansu a Yunin 1948, sai Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga Yammacin Balin, wanda ke hannun ƙasashen Yamma amma yankin Sobiyet ya kewaye shi, aka riƙa kai abinci da kwal ta jiragen sama har Mayun 1949.

Abin da ɗalibai kan yi mamaki shi ne, Birtaniya ma ta sha a hannun ƙawarta. Japan na miƙa wuya Amurka ta yanke tallafin kayan yaƙi da abinci, dole Landan ta karɓi rancen dala biliyan 3.75 bisa sharuɗɗa masu tsauri, sannan dokar McMahon da Amurka ta kafa a 1946 ta hana a ba ta sirrin makamin nukiliyar da masananta suka taimaka wajen ƙerawa.