Tambaya da Amsa: Sitajin rezo daga gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua. Na ji ana yin sitaji daga nesa a kan buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya gani ya gyara, har da biya. Rezo nake so in ƙware a kai, amma tsohuwar kwamfutar hannu kaɗai gare ni. Ta ina zan kama?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Kwamfutar nan ta isa.

Shirye-shirye biyu aka fi sani. Google Summer of Code ya fara a 2005, kuma tun 2022 ba sai ɗalibi ba, shekara 18 zuwa sama ake nema. Ayyukansa na awa 90 ne, ko 175, ko 350. Outreachy kuwa wata uku ne, sau biyu a shekara, Mayu zuwa Agusta da Disamba zuwa Maris, ladansa dalar Amurka 7,000. Sai dai a duka biyun, takardar neman shiga ba ta da nauyin aikin da masu manhajar suka riga suka gani daga hannunki. A Outreachy ma dole ne ki ba da gudummawa kafin a duba ki. Don haka ki soma tun da watanni.

Ki sa Linux, Debian ko Ubuntu, ki gina ɗan rezo a cikinta. Da umarnin ip netns add za ki buɗe ɗakuna biyu, kowane kamar kwamfuta mai zaman kanta. Ki haɗa su da veth, wato waya ta cikin manhaja mai baki biyu, ki ba ɗaya adireshin IP 10.0.0.1/24, ɗayan 10.0.0.2/24. Nan akasari ake cijewa: ping, saƙon gwajin ko ɗayan gefen na amsawa, ya ƙi tafiya, saboda sabon baki a kashe yake zuwa, sai kin tada shi da ip link set up. Idan ya tafi, ki kunna tcpdump, mai nuna saƙonnin da ke wucewa a rezo, ki zuba ido. Za ki ga saƙon ARP ya fara tambayar wa ke da wannan adireshi, sannan ICMP, wato saƙon ping ɗin kansa, ya biyo. Daga nan ki ɓata abin da gangan: ki rage MTU, wato iyakar girman saƙon da baki ke ɗauka, na gefe ɗaya daga 1500 zuwa 1400, ki aika ping mai nauyin 1472 daga ɗayan gefen. Ƙaramin ping zai wuce, babban ya ɓace shiru, domin 1472 da 28 na kanun IP da ICMP sun cika 1500, wanda ya wuce 1400. Wanda ya ga wannan da idonsa ya fi wanda ya haddace babi guda.

Sannan ki zaɓi buɗaɗɗiyar manhajar rezo ɗaya tak: Wireshark, FRRouting, OpenWrt ko ns-3. Ki sauko da ita da git clone --depth 1, don kada tarihinta na shekaru ya cinye miki forfe. Gyaranki na farko ya zama ƙarami, matsala ɗaya, da bayanin dalili. Wasu, irin OpenWrt, ba sa karɓa sai da layin Signed-off-by, wanda git commit -s ke sawa. Za a dawo miki da gyaran a ce ki sake. Haka ake wa kowa, ki gyara ki mayar da wuri. Aikin da Ingilishi ake yi, amma gajeren rubutu mai ma'ana ya wadatar.

Google kan rufe karɓar takardu da ƙarfe 18 agogon UTC, wato 19 a Nijar. Ki aika kwana biyu kafin ranar, kada wuta ko rezo su yanke miki a ƙurarren lokaci.

TAMBAYA: Daga Yamai nake. Ina da tsohuwar ruta, in sa mata OpenWrt in koya da ita?

AMSA: Ɗan'uwa, ka juya ta ka karanta samfurinta da lambar zubinta, don ruta biyu masu suna ɗaya kan bambanta a ciki, kuma fayil ɗin OpenWrt da ba nata ba yana iya kashe ta. Mai ma'ajin 4 MB da RAM 32 MB ta yi wa OpenWrt na yanzu kaɗan. In ta dace, ka haɗa ta da waya, ba Wi-Fi ba, ka jona ta a ondilar, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sa mata OpenWrt, mai yiwuwa ba za ta sake tashi ba.