Tambaya Mabuɗin Ilimi: Kalmomin Turanci da suka ɗaure muku kai

Jama'a assalamu alaikum, saƙonni sun taru a wannan karon, galibi daga Jidda da Makka da Madina. Zan ɗauki abin da shafi zai iya ɗauka, sauran sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Slm malam, ni a Karantina nake zaune nan Jidda, jikana ya ce min wai sunan unguwarmu Turanci ne ba Larabci ba, har sai da muka yi musu. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Hajiya ki yi haƙuri, yaron nan ya fi kusa da gaskiya, sai dai shi ma bai cinye duka ba. Kalmar da yake nufi ita ce quarantine, wato a killace mutum ko jirgi a gefe na wasu kwanaki don kar ya yaɗa cuta, irin abin da muka sha a 2020 lokacin korona. Amma ba Ingila aka haife ta ba, daga Italiya ta fito, a harshensu quaranta arba'in kenan. Zamanin annoba, a 1377 garin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik a Kuroshiya, ya sa dokar duk wanda ya fito daga inda cuta take sai ya yi kwana 30 a waje kafin ya shigo gari, daga baya a Venis aka mai da shi kwana 40, toh sunan sai ya bi arba'in ɗin. Yadda ta iso mu kuwa ta hanyar aikin Hajji ne, bayan kwalarar 1865 da ta yi ɓarna sosai a Makka aka dinga kafa wuraren killace alhazai, akwai a tsibirin Kamaran, akwai a Sawakin inda kakanninmu da suka biyo ƙasa ta Chadi da Sudan suke zama kafin su tsallako Bahar Maliya, akwai kuma a Jidda, can unguwarku ta samo suna. Ki ba yaro tukwici kawai a wuce wajen.

TAMBAYA: Malam ina aiki a wani shago a Shara Mansur, zan je gida Kano, a tikitina na ga an rubuta non-refundable da no-show da layover, wanda ya yankar min ya ce ba komai. Dan Allah a fayyace min.

AMSA: Ɗan'uwa akwai komai kam, wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci yau don ita ce mai taɓa aljihu. Non-refundable na nufin in ka fasa tafiya ba za a mayar maka da kuɗinka ba, shi ya sa tikitin ya yi araha, wani lokaci dai akan dawo da ɗan harajin filin jirgi in ka nema. No-show kuma shi ne jirgi ya tashi ba ka zo ba kuma ba ka sanar ba, nan ne mutanenmu suke ƙonewa, don kamfanoni da yawa in ka rasa zangon farko sai su soke sauran har da na dawowa, ka ga mutum ya taso daga Kano hankali kwance a ce masa sunansa ba ya ciki. In ka san ba za ka samu tafiya ba ka kira a canza rana tun jirgi bai tashi ba, tarar canji ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Layover ɗan zaman jira ne a wani filin jirgi kafin ka hau na gaba, misali awa huɗu a Alkahira ko Addis Ababa. In ya wuce awa 24 yawanci sai su kira shi stopover, shi kuma yana iya buƙatar biza in za ka fita gari. Saudiyya ma tun 2023 tana da irin wannan bizar ta awa 96 wadda ake iya Umara da ita. Tunda gida za ka, ka ƙara da excess baggage, kuɗin da ake caja in kaya sun wuce kilo, na san dabino da jallabiyoyin tsaraba ba sa jin magana, ka auna jakarka tun a ɗaki.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, na ci karo da serendipity a wata maƙala, ƙamus ya ƙara rikita ni.

AMSA: Malam ɗalibi, tsintar dami a kala, shi kenan an gama. Ka fita neman wani abu ka faɗa kan wanda ya fi shi alheri ba shiri. Wani Bature Horace Walpole ne ya ƙirƙiro ta a 1754 daga Serendip, wato Sarandib ɗin da za ka gani a littattafan Larabci, tsohon sunan Siri Lanka. Kar ka dame kanka da ita a hira, su kansu Turawan ba kullum suke faɗinta ba.

TAMBAYA: Wai da gaske ne Turanci ya ari kalmomi daga Larabci? Maigidan da nake wa tuƙi kullum sai ya yi min wannan alfaharin.

AMSA: Da gaske ne, alfaharinsa da hujja. Cotton (auduga) daga ƙuɗn, magazine (mujalla) daga makhazin wato rumbunan ajiya, algorithm (jerin matakan warware lissafi) daga sunan Alkhawarizmi masanin lissafi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, mocha (wani nau'in gahawa) kuma sunan tashar Mukha ce ta Yaman da a da can ake fitar da gahawa ta cikinta. Wadda ta fi burge ni ita ce sofa, kujerar falo mai laushi, asalinta suffa ce, dakali ko rumfa, irin wadda Ahlus Suffa su Abu Huraira, Allah ya yarda da su, suka zauna a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta bi ta Turkanci ta shiga Turai. Wurin zaman talakawan sahabbai yau ya zama kayan ɗakin amarya, ikon Allah.

TAMBAYA: Mene ne bambancin expat da immigrant? A wajen aiki ana ce wa injiniyoyi Turawa expat mu kuma ban taɓa ji an ce mana ba.

AMSA: A ƙamus expat duk wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba ne, immigrant kuma wanda ya je da niyyar zama dindindin. Ka ga a wannan ma'aunin kai mai iƙama da kafili expat ne cikakke, jaridun Turanci na nan ƙasar ma haka suke kiran duk baƙon ma'aikaci, ɗan Bangaladash ne ko ɗan Najeriya. Amma a bakin mutane kalmar ta fi manne wa mai babban albashi, ni dai a ganina wannan son kai ne kawai, ba nahawu ba ne.

TAMBAYA: Kwalin biskit ya ce best before, kwanan ya wuce da sati ɗaya, in zubar?

AMSA: 'Yar'uwa best before maganar daɗi da inganci ce, busasshen abu irin biskit in an ajiye shi da kyau, kwali bai huje ba, ba wari ba fumfuna, galibi ana iya ci sai dai ƙila ya yi laushi. Wanda ba a wasa da shi shi ne use by ko expiry, musamman a kan madara da nama da magani, wannan in kwanansa ya wuce ki zubar, kar ki ba yara ko da kuwa bai canza kama ba.