Tambaya da Amsa: Kamfanonin Komik na Farko da Jarumansu

Saƙonnin da suka taru a wannan makon yawancinsu kan komik ne, wato mujallun da ke ba da labari ta hanyar zane, da kamfanonin da suka fara buga su a Amurka. Ga waɗanda muka zaɓo.

Tambaya: Ana cewa Superman ne komik na farko a duniya, kuma DC da Marvel ne suka fara sana'ar. Haka ne? (Wani mai karatu daga Kano)

Amsa: Ba haka ba ne, Malam. Masu maɗaba'a ne suka fara, kuma abin da ya dame su shi ne kada injinsu ya zauna ba aiki. Kamfanin Eastern Color Printing da ke Waterbury a jihar Connecticut yana buga wa jaridu shafukan zane masu kala na ranar Lahadi. A 1933 ma'aikatansa suka rage girman waɗannan shafuka, suka ninke, suka ɗinke, aka samu Funnies on Parade, wadda kamfanin Procter & Gamble ya raba wa masu sayen kayansa kyauta. A 1934 aka fara sayar da Famous Funnies a teburin masu jarida kan senti 10. Kusan duk abin da ke ciki tsohon zane ne da ya riga ya fito a jarida.

Cikin waɗanda suka fara cika mujalla da sabbin labarai zalla akwai Manjo Malcolm Wheeler-Nicholson, tsohon hafsan soja, da New Fun a Fabrairun 1935. Yana da basira amma ba shi da jari. Bashi ya yi masa katutu a wurin Harry Donenfeld, mai maɗaba'a kuma mai kamfanin rarraba mujallu. Da zai fitar da Detective Comics a 1937 dole ya shigo da Jack Liebowitz, akawun Donenfeld, cikin kamfanin, kuma kafin 1938 ta ƙare an yi waje da shi. Haruffan DC daga sunan wannan mujalla aka samo su.

Superman ya zo ne a Action Comics ta 1, mai ɗauke da kwanan watan Yunin 1938. Samari biyu daga Cleveland, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, sun shafe shekaru suna yawo da shi ana mayar musu. Da ya karɓu sai kowa ya ce shi ma. Batman ya fito a Detective Comics ta 27 a 1939. A shekarar ce Martin Goodman ya fitar da Marvel Comics ta 1 a ƙarƙashin kamfaninsa Timely, da Human Torch na Carl Burgos da Namor na Bill Everett. Goodman bai ma da masu zane nasa a lokacin, sari ya yi daga wani shagon zane mai suna Funnies Inc. Sai a 1960 da 'yan kai kamfanin ya koma amsa sunan Marvel. Flash da Green Lantern da Wonder Woman kuwa na All-American Publications ne, kamfanin da Max Gaines ya kafa tare da Liebowitz, wanda daga baya aka haɗe da DC.

Tambaya: Ni mai zane ce. Ina so in san yadda suke haɗa mujalla a wancan zamanin, kuma me ya sa a tsofaffin shafuka nake ganin kala ta tsallake layi? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malama, aikin hannu da hannu ne, kamar yadda fata ke bi daga majemi zuwa baduku. Marubuci ya rubuta labarin akwati bayan akwati. Mai fensir ya zana a kan kwali mai kauri wanda ya kusa ninka girman shafin da za a buga, saboda idan aka rage hoton layuka kan ƙara kaifi, ƙananan kurakurai kuma su ɓace. Mai rubutun hannu ya sa maganganu da da'irar da ke kewaye da su. Sannan mai tawada ya bi fensirin da buroshi ko alƙalami da baƙar tawada, a goge fensirin. Shagunan zane irin na Will Eisner da Jerry Iger suna jera mutane a tebura, shafi na wucewa daga wannan zuwa wancan, ana biya kan kowane shafi. Shi ya sa za ki ga fuska ta yi kyau amma bayan hoton fayau, ba gini ba bishiya. Wanda ya tsaya ƙawata shafi ɗaya, abokinsa ya gama uku.

Kala kuma tawada huɗu ce kawai: baƙa, rawaya, shuɗi mai haske, da ja mai ɗaukar ruwan hoda. Kowace daga cikin ukun nan masu launi ana iya sa ta kashi 25 cikin 100, ko 50, ko 100, ko a bar ta. Mataki huɗu sau huɗu sau huɗu, launi 64 ke nan, kuma iyakar abin da mai kala yake da shi ke nan. Kashi 25 da 50 ɗigo-ɗigo ne ƙanana, idan kika duba da gilashin ƙara girma za ki gan su. Mai kala yakan shafa launi a kan kwafin shafin ya rubuta lambobi, wasu ma'aikata su ware kowace kala da hannu, a yi wa kowace farantin ƙarfenta.

Ga inda matsalar take. Takardar tana bi ta kan faranti huɗu ɗaya bayan ɗaya cikin gudu. Idan faranti ɗaya ya goce ko da rabin milimita ne, ko takardar ta ja danshi ta miƙe, jan rigar jarumi zai leƙo waje da baƙin layi. Takardar jarida ce mai arha, tana shan tawada tana baza ta, don haka siraran layuka kan toshe. Masu zane sun san da haka, sai suka riƙa kaurara layin gefe domin ya rufe gocewar. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa kayan jarumai suka zama ja da shuɗi da rawaya: launuka ne da ke fitowa ras ba tare da cakuɗa mai yawa ba.

Mujallar kan zo da shafi 64 da bango mai sheƙi, a ɗinke ta da waya biyu a tsakiya. A ciki za ki tarar da shafi biyu na rubutu zalla ba zane. An sa su ne domin mujallar ta cika sharaɗin gidan waya na samun rangwamen kuɗin aikawa. Da irin wannan cikon Stan Lee, shahararren marubucin Marvel, ya fara, a Captain America Comics ta 3 a 1941.

Tambaya: Na ji an ce Shazam asalin sunansa Captain Marvel, amma kuma na DC ne. Yaya aka yi haka? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Shari'a ce ta jawo. Kamfanin Fawcett ya fitar da shi a Whiz Comics a farkon 1940, Bill Parker ya rubuta, C. C. Beck ya zana: yaro maraya, Billy Batson, da zarar ya furta kalmar Shazam sai ya zama ƙaton jarumi. Yara suka so shi ƙwarai, har a tsakiyar shekarun 1940 mujallarsa tana sayar da kwafi sama da miliyan 1 a fitowa guda, ta zarce ta Superman.

Masu Superman sun riga sun ɗanɗana nasara a kotu. A 1939 Victor Fox ya sa Will Eisner ya yi masa Wonder Man, suka kai ƙara, jarumin ya mutu bayan fitowa ɗaya. Sai suka maka Fawcett a 1941. Ba a zauna sauraron ƙarar ba sai 1948. Alƙalin farko ya yarda an kwaikwaya, amma ya ba Fawcett gaskiya, domin an buga wasu zanukan Superman a jaridu ba tare da cikakkiyar alamar haƙƙin mallaka ba, ya ɗauki hakan a matsayin watsi da haƙƙin. A 1951 kotun ɗaukaka ƙara, ta bakin Alƙali Learned Hand, ta soke wannan. Kasuwa kuma ta riga ta faɗi. A 1953 Fawcett ya biya dala 400,000 ya daina buga jarumin.

Da Fawcett ya bar amfani da sunan, daga baya sai Marvel ya fitar da nasa Captain Marvel a 1967 ya yi rajistar sunan. Da DC ya karɓi izinin tsohon jarumin a 1972, bai da ikon rubuta sunan a bango, sai ya sa Shazam. A ganinmu ƙarar ba ta da tushe mai ƙarfi ta fuskar fasaha, domin zanen Beck mai sauƙi da raha bai yi kama da na Superman ba. Gasa ce aka kashe a kotu.

Tambaya: Me ya sa kwafi ɗaya na senti 10 yake kai miliyoyin daloli? (Wani mai karatu daga Jos)

Amsa: Ƙarancinsu ne. An buga Action Comics ta 1 kusan kwafi 200,000, waɗanda aka san sun rage ba su wuce kimanin 100 ba. Abin da bai sayu ba dillali kan yage bangon ya mayar a soke masa bashi, sauran a lalata. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta tattara tsofaffin takardu domin sake sarrafawa, iyaye kuma suka zubar da na 'ya'yansu. Wanda ya tsira, asid ɗin da ke cikin takardar yana mayar da ita rawaya ta yi ta karyewa, wayar ɗinkin ta yi tsatsa ta ci tsakiyar. Zafi da danshi da hasken rana na hanzarta wannan. A Afrilun 2024 an sayar da kwafi ɗaya kan dala miliyan 6. Gyara da gam ko ƙarin tawada yana karya farashi, ba ya ɗaga shi.

Tambaya: To ina sauran kamfanonin suka shiga? (Wata mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Da yawa suke, Hajiya. MLJ ya riga kowa fitar da jarumi mai sanye da tutar Amurka, Shield, a Janairun 1940. Ƙorafinsu ne ya sa Joe Simon da Jack Kirby suka sauya garkuwar Captain America daga mai kusurwa zuwa mai da'ira tun a fitowa ta biyu. Amma wani ɗan makaranta mai suna Archie ya fi jarumansu ciniki, har kamfanin ya ɗauki sunansa a 1946. Quality Comics, masu Plastic Man na Jack Cole da Blackhawk, sun rufe a 1956 suka sayar wa DC kayansu.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 masu karatu suka koma labaran soyayya da na 'yan fashi da na ban tsoro. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya wallafa littafi yana ɗora wa komik alhakin lalacewar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya yi zaman jin bahasi, kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority. A lokacin, mujallar da ba ta da hatiminta a bango, dillalai da yawa ba sa ko kwance ɗaurinta.

Abin da aka fi mantawa shi ne rarrabawa. Donenfeld yana da Independent News, hanyarsa ta kai kaya kasuwa. Goodman ya rufe nasa sashen rarrabawa ya koma American News Company, shi kuma ya daina aikin a 1957. Dole Goodman ya je wurin Independent News, wato gidan abokin gasarsa, aka ƙayyade masa mujallu 8 a wata. A cikin wannan matsi ne Lee da Kirby suka fitar da Fantastic Four a 1961.

Tambaya: Ina shirin fitar da komik da Hausa. Zan iya ɗaukar ɗaya daga cikin tsofaffin jaruman nan? (Wani ɗalibi daga Sakkwato)

Amsa: Wasu e, wasu a'a, kuma sai ka yi taka-tsantsan. A tsohuwar dokar Amurka haƙƙin mallaka shekara 28 ne, sai an sabunta a ƙara wani wa'adin. Kamfanonin da suka mutu ba su sabunta ba, shi ya sa jarumai irin su Black Terror na Nedor suka zama na kowa a can. Waɗanda aka sabunta kariyarsu shekara 95 ce daga bugawa: labarin Superman na farko zai fita a 2034, na Batman a 2035, na Wonder Woman a 2037. Ko a lokacin, siffar farko ce kawai. Superman na 1938 ba ya tashi sama, tsalle yake yi, kuma duk abin da aka ƙara masa daga baya yana nan a hannun masu shi. Tambarin kasuwanci kuma daban ne, ba ya ƙarewa muddin ana amfani da shi, don haka ba za ka sa sunan ko alamar ƙirjinsa a bango ba. Dokar Nijeriya tana da nata lissafin, shekara 70 bayan rasuwar mai aikin, saboda haka ka ga lauya kafin ka kai aiki maɗaba'a.

Shawararmu ka ƙirƙiri naka, ka kuma kula da takardar da za ka sa wa hannu. Siegel da Shuster sun miƙa Superman ɗungurungum kan dala 130, kuɗin shafi 13. Da suka kai ƙara a 1947 aka sallame su aka cire sunansu, sai a 1975 aka yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara aka mayar da sunan. Bill Finger, wanda ya tsara yawancin siffar Batman ya kuma rubuta labaransa na farko, ya rasu a 1974, ba a fara sa sunansa kusa da na Bob Kane, mai zanen Batman, ba sai 2015. Idan kai da abokinka za ku yi aikin, ku rubuta tun yau wa ya mallaki jarumin da kashi nawa. Idan mai bugawa ya zo, ka ba shi izini na ƙayyadadden lokaci da adadin kwafi da harshe, fim da wasan waya da kayan tallace-tallace su zauna a hannunka, a rubuta cewa ainihin zanen zai dawo maka, kuma haƙƙin zai koma gare ka idan ya daina bugawa.